Ciwon da Yake Sauka

A gidanmu ba a tsoron ciwon da yake tafiya. Wanda ya kafe wuri ɗaya shi ake tsoro. Haka Baba ya koya mana, shi kuwa a bakin aiki ya koya, don duk rayuwarsa kwasar kayan mutane ya yi daga gidan da suka tashi zuwa gidan da suka koma. Yakan ce in ka ɗaga abu mai nauyi kafaɗa ta riƙe, ka sa ido. Idan gobe ciwon ya dawo gadon baya, jibi ya sauko ƙugu, to ya kama hanya, ta ƙafa zai fita. Ba ƙarya ya yi ba kuma, mun sha ganin haka a jikinsa da jikin mazan da ya haifa. Abin da bai sani ba, babu kuma wanda ya taɓa gaya masa, shi ne akwai ciwo ɗaya da saukarsa ba tafiya ba ce, ɓarna ce. Shi ya raba ni da wana, kuma a kansa nake faɗa da ƙanena har gobe.

Mu uku Baba ya bar wa sana'ar da tsohuwar motar kaya. Yaya shi ne babba. A unguwa Tsani ake ce masa, saboda yana canja ƙwan lantarki ba tare da ya taka komai ba. Sai ni a tsakiya, sai autanmu da muke kira Gajere. Kada sunan ya ruɗe ku, shi ma sai ya sunkuya yake shiga ƙofa, yatsa biyu kawai Yaya ya fi shi, amma a gidan dogaye wannan ya isa a yi maka suna. Ni ce direba. Ba don son raina na zama ba. Su biyun duk wanda ya zauna a sitiyari gwiwarsa na dukan ƙirjinsa, kuma kowannensu ya taɓa goga motar a katangar mutane. Tun daga nan Yaya ya miƙo mini makulli ya ce, "Direba, ki rufa mana asiri." Sunan ya bi ni har Umma ma wani lokacin da shi take kirana.

Ranar da abin ya faru kayan wata dattijuwa muke kwasa daga bene hawa na uku. Komai ya sauko lafiya, gado, kujeru, kwalayen littattafai da suka fi duwatsu nauyi. Saura firiza. Irin ta da ce, mai faɗi kamar gado, wadda masu ƙera ta ba su taɓa tunanin wani ɗan'adam zai ɗauke ta ba. Na ce mu nemi mutum na uku. Yaya ya harare ni ya ce tun yaushe direba ta fara sa baki a harkar maza.

Suna da yadda suke ɗauka, shi ma koyarwar Baba ce. Za ka cika ƙirji da iska, ka riƙe ta gam, sannan ka ɗaga. Ba a magana a kan matakala, ba a sakin numfashi sai an kai inda za a huta, kuma duk abin da zai faru ba a ajiye kaya a tsakiya. Gajere ne a ƙasa, kafaɗarsa a jikin firizar. Yaya yana sama, igiya a naɗe a hannuwansa, yana rage masa nauyi. Ni ina tsaye a ƙasan matakalar ina kallon kada su daki bango.

Suna tsakiyar hawa na biyu na ji Yaya ya yi wani sauti. Ba ihu ba ne, ba kuma nishin da na saba ji ba. Na ɗaga kai na ga fuskarsa ta canja, idanunsa sun firfito, jijiyoyin wuyansa sun tashi. Amma bai saki igiyar ba. Da ya saki, firizar nan a kan Gajere za ta sauka, kuma ya san haka. Ya ci gaba da saukowa taki ɗaya bayan ɗaya har suka kai wurin hutawa, suka dire ta, sannan ya zame ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

"Yaya, lafiya?" in ji Gajere yana haki.

Ya ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirjinsa. "Nan. Kamar an kama ni an tsage. Ban taɓa jin irinsa ba."

Na ce mu tafi asibiti. Ya ɗaga mini hannu, wato in bari ya huta. Dattijuwar ta kawo ruwa, ya kurɓa kaɗan. Can sai ya motsa kafaɗunsa, ya yi shiru kamar mai saurare, ya ce, "Ya koma baya. Tsakanin allon kafaɗa yake yanzu."

Gajere ya sauke ajiyar zuciya har da dariya. "To ai ya kama hanya. Tsufa ne kawai, Yaya. Ka bar mana aikin mu yara."

"Rufe mini baki, Gajeren banza," in ji shi, yana murmushin dole.

Ni ma hankalina ya kwanta, don a gidan na tashi. Muka kai shi gida muka danƙa wa Umma da matarsa, Gajere ya kira wani abokinsa, muka koma muka ƙarasa kwasar kayan.

Da la'asar muka dawo. Gidanmu shi ma a sama yake, ɗakuna ne a hawa na biyu, matakala siririya mai kwana ɗaya. Tun daga ƙofa warin man zafi ya tare ni. Yaya yana kwance rub-da-ciki a kan darduma a falo, matarsa tana matse tawul a ruwan zafi, Umma tana zaune a gefe tana ba da umarni. A harkar ciwon ma'aikata Umma ba ta da na biyu. Shekara da shekaru tana gasa bayan miji, ta dawo tana gasa na 'ya'ya.

"Ya jikin?" na tambaya.

"Alhamdulillahi," in ji Umma, fuskarta a sake. "Da azahar ya bar kafaɗa ya sauko tsakiyar baya. Ɗazu ya ce har cikinsa ya ɗan murɗa, yanzu kuma yana ƙugu. Ban taɓa ganin mai saurin wannan ba. Na wasu sai ya yi kwanaki."

Yaya ya juyo da kai. Murmushi yake yi, amma fatarsa ta yi wani irin toka-toka, leɓɓansa a bushe. "Direba, kin dawo da motar da fentinta?"

"Da fentinta da komai. Kai fa?"

"Ai ya kusa fita. Ya kai ƙafar hagu, har ta fara yin nauyi."

Na durƙusa don in gyara masa zanen da aka lulluɓa masa, hannuna ya taɓa ƙafar. Sanyi ƙalau, kamar na taɓa siminti da safe. Na taɓa ta dama, da ɗuminta. Na yaye zanen na duba, ta hagun ta dushe, faratan sun yi duhu. Na mintsine shi a ɗan yatsa da ƙarfi, bai ko motsa ba.

"Umma, wannan ba fita ba ce. Ƙafar nan babu jini a cikinta."

"Ke dai kin cika tsoro. Kwanciya ce ta danne ta."

"Rub-da-ciki yake kwance, me ya danne ta? Gajere, ɗauko kujera."

Ni ba a san ni da haƙuri ba, ranar kuwa ko kunyar Umma ban ji ba. Ta fara cewa a bari zuwa safe, na ce wallahi ko a mota ko a kaina sai ya je asibiti yanzu. Yaya ya ce zai tashi ya nuna mini lafiyarsa lau. Ya dafa bango ya miƙe, ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya dawo ƙasa. Daga nan babu wanda ya ƙara musu. Muka ɗora shi a kujera, maƙwabta suka kama, muka sauko da shi.

A sashen gaggawa wata nas ta ɗaura masa abin awon jini a hannun dama. Ta duba, ta kwance, ta ɗaura a na hagu. Ta sake dubawa, ta sake komawa na dama. Ta fita da sauri ta dawo da likita. Likitar mace ce 'yar ƙarama, sai da ta ɗaga kai sosai kafin ta ga fuskar Gajere. Ta tsaya a kan Yaya tana taɓa wuyansa, da wuyan hannuwansa, da bayan sawunsa.

"Malam, ciwon a hankali ya fara yana ƙaruwa, ko lokaci ɗaya ya zo?"

"Lokaci ɗaya, likita. Da ƙarfinsa ya zo."

"Yana nan inda ya fara?"

Umma ce ta amsa, da muryar mai kawo labari mai daɗi. "A'a, ai yana ta sauka, 'yar nan. Daga ƙirji ya koma baya, daga baya ya yi ƙugu. Saura kaɗan ya fita."

Na ga yadda likitar ta kalli nas ɗin. Tun daga wannan kallon na san mun shiga uku. Nan da nan ɗakin ya cika da mutane. Aka sa masa ruwa a hannu, aka yi masa allurar da ta ce za ta sauke bugun zuciya da ƙarfin jini, aka tura gadon zuwa ɗaukar hoto. Mu aka bar mu a baranda da takalmansa a hannun matarsa.

Da hoton ya fito likitar ta kira mu wani ɗan ɗaki. Ba ta yi kwana-kwana ba, na kuma gode mata da hakan. Ta tambayi sana'armu, muka faɗa mata. Ta ce to mun san irin katakon nan na durowa da ake mannawa falle a kan falle. Gajere ya ce mun san shi, shi ne in ruwa ya shige shi yake ɓarewa.

"To ku riƙe wannan," in ji ta. "Akwai babbar jijiya ɗaya da take fitowa daga zuciya, duk jinin jiki ta cikinta yake bi. Kaurinta ya kai na tiyon ban ruwa. Tana hawa sama kaɗan, ta lanƙwasa, ta bi ta jikin ƙashin baya ta sauka ciki, can ƙasa ta rabu biyu, kowace ƙafa da nata. Bangonta falle uku ne. Na yayanku fallen ciki ne ya tsage, kusa da zuciya. Duk bugun da zuciya ta yi, jini yana kutsawa ta tsagar, yana shiga tsakanin fallayen yana raba su, yana yi wa kansa hanyar da ba tasa ba."

Ta ɗora yatsa a hoton, ta ja shi daga sama zuwa ƙasa a hankali.

"Inda tsagar ta kai, nan yake jin ciwo. Ƙirji, baya, ciki, ƙugu. Yanzu ta kai inda jijiyar ta rabu, ta toshe hanyar ƙafar hagu. Shi ya sa ta yi sanyi. Shi ya sa kuma awon hannunsa biyu bai zo ɗaya ba."

Umma tana kallon yatsan likitar inda ya tsaya a ƙasan hoton. Da ta buɗe baki muryarta ta zama ƙarama, kamar ba tata ba.

"Wato da yake sauka ɗin nan..."

"Tsagar ce take ƙaruwa, Mama."

"Ni kuwa ina ta hamdala."

Likitar ta matso da kujerarta ta kama hannun Umma. Ta ce ciwon nan mayaudari ne, ko a asibiti yakan yi kama da wani abu dabam, wani a ɗauka ciwon zuciya ne, wani a ce ciwon baya, wani a ce gyambon ciki. Ta ce abin tsoron yanzu fallen waje ne, shi kaɗai ya rage yana riƙe da jinin, kuma siriri ne. Dole a buɗe ƙirji a yanke wurin da ya tsage a sa wani bututu a madadinsa. An riga an kira masu aikin, ana shirya ɗakin tiyata. Aiki ne babba, ba kowa ke tashi ba, amma in ba a yi ba babu wata hanya.

Sai ta tambaya, "A danginku akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a? Musamman dogo, da sauran ƙarfinsa?"

Ni da Gajere muka kalli juna. Mu dai abin da muka sani, Baba ya dawo daga aiki da ciwon baya, ya kwanta, bai tashi ba. Kwana ya ƙare, haka aka ce, haka muka karɓa. Umma ta sunkuyar da kai.

"Mahaifinsu," ta ce. "Shi ma daga ƙirji ya fara. Na gasa masa. Da ya sauko ƙugu ya ce mini ya ji sauƙi, zai ɗan runtsa." Ta ɗago kai. "Da ƙanensa ma, a bakin aiki ya faɗi. Aka ce zuciya ce."

Likitar ta gyaɗa kai, ta dubi Gajere tun daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan dogayen yatsunsa. Ta ce za mu yi magana daga baya, yanzu mu je mu ga ɗan'uwanmu kafin a shiga da shi.

An rage masa zafin da allura, idanunsa sun yi nauyi. Ƙafafunsa sun zarce ƙarshen gadon, an tara musu kujera. Matarsa sai shafa masa kai take yi. Ya roƙi Umma gafara, ta ce bai taɓa yi mata komai ba, ta juya baya tana share ido da mayafi. Ya kira ni da hannu na sunkuya.

"Direba, kin gaya wa tsohuwar nan kada ta kunna firizar yau? Sai firizar ta kwana a tsaye, man injinta ya koma wurinsa. In ba haka ba za ta ƙone."

"Yaya, don Allah rabu da wata firiza."

"Ki kira ta dai. Aikinmu ne."

Na ce zan kira. Suka tura gadon, muka bi shi har inda aka ce mu tsaya. Ina iya hango tafin ƙafarsa, ɗaya fari ɗaya duhu, har ƙofar ta rufe.

Bai kai ga wuƙar ba. Rana ba ta gama faɗuwa ba likitar ta fito, ta cire hular kanta, tun kafin ta iso na gane. Ta ce ana cikin shirya shi fallen wajen ya fashe, jini ya cika jakar da zuciya take ciki ya matse ta. Sun yi iya yinsu. Matarsa ta zube a ƙasa. Gajere ya juya ya haɗa goshinsa da bango, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuka bai zo mini ba a lokacin. Haushi ne ya cika ni, ban ma san wa nake jin haushi ba, ko Baba da koyarwarsa, ko firizar, ko jijiyar da ba mu taɓa jin sunanta ba sai ranar da ta gama da mu. Na fita waje na kira dattijuwar na gaya mata kada ta kunna firizarta. Ta ce ya jikin dogon yaron nan, mai kirki. Sai a nan kukan ya ƙwace mini.

Washegari da safe Kawu, ƙanen Umma, ya zo da mutanen unguwa karɓar gawa. Likitar ta tare mu ni da Gajere ta ce mu biyu mu dakata ta auna mu, ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Gajere ya ce yau ba ranar awo ba ce. Ta ce ta sani, amma ta ga isassu da suka ce za su dawo ba su dawo ba. Na ja shi muka bi ta, su Kawu suka wuce gida da Yaya.

Ta sa shi ya miƙe hannuwansa biyu ta auna faɗinsu, ta sa ya zagaye wuyan hannunsa da yatsu, ta duba ƙirjinsa da idanunsa. Sannan aka kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya, aka shafa mana wani mai mai sanyi a ƙirji, aka dinga goga wani abu ana kallon allo. Nawa bai daɗe ba, ta ce lafiya lau, amma in riƙa zuwa ana dubawa. A kan Gajere ta daɗe. Ta auna, ta sake aunawa, ta kira wani likita ya zo ya duba.

"Taka jijiyar ba ta tsage ba," ta ce masa. "Amma ta buɗe fiye da yadda ya kamata, daidai inda ta fito daga zuciya. Bangon yana da rauni, kuma alama ta nuna gadonsa kuka yi. Ka ji ni da kyau, wannan ba hukuncin kisa ba ne. Kai mun gan ta da wuri. Akwai magani da za ka riƙa sha, za mu riƙa aunawa, in ta kai wani matsayi a yi maka aiki a natse, ba irin na jiya ba. Mutane da yawa suna tsufa da ita. Amma ɗaukar nauyi ka gama shi. Duk abin da zai sa ka riƙe numfashi ka yi yunƙuri, ƙarfin jini yana haurawa lokaci ɗaya ya daki bangon nan. Ba ka da bangon da zai jure."

"Har zuwa yaushe?"

"Sana'ar nan ka bar ta."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Likita, ban iya komai ba sai ita. To na ji. Amma yau za a kai yayana."

"Na sani. Ko yau."

A mota ya zauna gwiwoyinsa a jikin gaban motar, hannuwansa a kan cinya yana kallonsu kamar na aro. Da muka kusa gida ya ce, "Kada ki gaya wa kowa tukuna. Umma ba za ta iya ɗauka ba." Ni kuwa ban yi niyyar yin alkawarin da zan karya ba.

Mun tarar an gama yi wa Yaya wanka an shirya shi. Falon ya cika da mata, maza suna tsaye a baranda da kan matakala. Aka shigo da makara, aka ɗora shi, ƙafafunsa suka kai har ƙarshenta. Maza suka kama suka fito da shi zuwa bakin matakala, nan suka tsaya cirko-cirko. Mutanen kirki ne, tela, da malamin makaranta, da mai shagon ƙasa, da Kawu da ciwon gwiwarsa. Amma babu wanda ya taɓa sauko da abu mai tsawo da nauyi haka ta siririyar matakala mai kwana. Duk wanda zai shiga ƙasa, rabin nauyin a kafaɗarsa zai sauka. Kowa ya juyo yana neman mutum ɗaya.

"Ina Gajere?" in ji Kawu. "Zo ka kama gaba, ɗana. Wurinka ne."

Na ga ya fara naɗe hannun riga. Na ratsa ta cikin mazan nan ban ko nemi hanya ba, na cafke wuyan hannunsa da hannuwana biyu.

"Sake ni, Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa. Bai taɓa kirana Yaya ba sai ranar.

"Ba zan sake ka ba."

"Sau ɗaya ne. Daga nan zuwa ƙasa kawai. Na ɗauki kayan mutanen da ban sani ba, na ɗauki na waɗanda suka zage ni, sai ɗan'uwana ne zan tsaya ina kallo? Me zan ce masa?"

"Ke, wace irin rashin kunya ce wannan?" in ji Kawu. "Ki bar yaro ya yi wa ɗan'uwansa hidimar ƙarshe."

Na ɗaga murya yadda har na cikin falo za su ji. Na ce abin da ya kashe Yaya shi ya kashe Baba, kuma yanzun nan likita ta gan shi a ƙirjin wannan. Na ce ta hana shi ɗaukar nauyi, ko yau. Na ce duk wanda yake so a fitar da gawa biyu daga gidan nan a mako ɗaya, ya zo ya ɓamɓare hannuna.

Babu wanda ya motsa. Gajere yana kallona da jajayen idanu, na san a lokacin ya tsane ni, ban kuma damu ba. Da ya so fizgewa da ya fizge, ƙarfina bai kai rabin nasa ba. Ina jin bugun jininsa a tafin hannuna, da sauri da sauri.

Sai mata suka dare, Umma ta fito. Tun jiya ba ta yi magana da kowa ba. Ta tsaya a gabansa, kanta bai wuce ƙirjinsa ba. Ta ɗaga hannu ta ɗora a tsakiyar ƙirjin, ta bar shi a nan.

"Biyu na ba wa abin nan ban sani ba," ta ce. "Kai na sani. In ka taɓa makarar nan ban yafe ba."

Ya runtse ido, hawaye suka gangaro. Na ji hannunsa ya saki a cikin nawa. Ya daɗe a haka, sannan ya zare hannun a hankali, ya warware rigar da ya naɗe, ya mai da hannuwansa biyu baya ya sarƙe yatsunsa. Ya raɓa ta gefen makarar ya sauka taki uku, ya juyo yana fuskantar masu ɗauka.

"Kawu, ka koma baya, gwiwarka ba za ta yi ba," ya ce. "Mai shago, kai da tela ku shigo gaba, ku biyu. Kafaɗa za ku sa, ba hannu ba. Malam, ku na sama ku rage tsawo. Kada wanda ya riƙe numfashi, ku yi ta shaƙa. To, bismillah."

Suka ɗaga. Yana sauka da baya da baya a gabansu, yana gaya musu inda za su sa ƙafa. Da suka zo kwanar makarar ta karkata, gefenta ya nufi bango, na ga kafaɗun Gajere sun zabura, jikinsa gaba ɗaya ya yi gaba. Umma ta damƙe hannuna. Amma yatsunsa ba su rabu ba.

"Ku ɗaga ta hagu," ya ce yana kuka. "A hankali, don Allah. Kansa ne a nan."